Hannu a Waje

Mai Feda ake ce masa a masana'antar, har matarsa ma haka take kiransa in ta so tsokana. Tun gashinsa yana baƙi yake tsaye a gaban injin lanƙwasa ƙarfe, ƙafar dama a kan feda, har takalmin wannan ƙafar ya saba riga ɗan'uwansa cinyewa.

Injin ba shi da wuyar ganewa. Wata doguwar wuƙa ce marar kaifi a sama, da kwari mai tsaga a ƙasa. A shimfiɗa fallen ƙarfe a tsakaninsu, a taka feda, wuƙar ta sauko ta danna shi cikin tsagar, ya lanƙwashe kamar takarda. Da shi suke yin akwatunan wuta da firam ɗin ƙofa da indararo. Dogon falle ba ya riƙuwa ga mutum ɗaya, shi ya sa Mai Feda ya roƙa wa ƙanensa aiki. Auta ne a ɗakinsu. Ranar da zai fara, tsohuwarsu ta rako su har bakin zaure, ta ce wa babban ga shi nan, ya dawo mata da shi yadda ya tafi.

Maigidan wurin ba mugu ba ne, kowa ya shaida. Yana zuwa dubiya, yana zuwa ta'aziyya. Abu biyu ne kawai ba ya so: a kashe inji da rana tsaka, domin tsohuwar motar da ke juya injin tana wahalar tashi, da kuma a ce masa aiki bai gamu ba. Injin ya zo da ido, wasu 'yan fitilu a gefe da gefe, in hannu ya gitta sai wuƙa ta tsaya cak. To amma in ana yin akwati, gefen da aka riga aka lanƙwasa yakan miƙe ya tare hasken, inji ya tsaya ba gaira ba dalili. Wata rana aiki ya yi yawa, Maigida ya kira mai gyaran wuta ya yanke wayar idon, ya naɗe bakinta da baƙin salatif. Ya ce na ɗan lokaci ne, da zarar an gama wannan aikin za a mayar. Salatif ɗin ya daɗe da komawa ruwan toka.

Sai 'yan'uwan suka yi wa injin ido da bakinsu. Kafin ya taka, Mai Feda zai ce, "Hannu?" Auta ya ce, "A waje." Sannan wuƙa ta sauko. Masu walda suka mayar da abin waƙa, in sun ga ɗayansu zai shiga banɗaki sai su tambaye shi hannu. Da rana kuwa, in sun zauna a kan tsohon durom suna cin abinci a kwano ɗaya, Auta ya kai wa nama cafka, yayan zai ce masa hannu, shi kuma ya amsa a waje alhali naman yana bakinsa.

Shekaru suka tura. Maganar da ake faɗa tun safe har yamma takan bar kai ta koma zama a leɓe.

Ranar da abin ya faru sun canza wuƙa, daga doguwa zuwa gajerun da ake jerawa don akwati. Inji yana kunne kamar kullum. Sun jera, sun daidaita bakin wuƙa da tsagar kwari, sun ɗaure da sifana. Suka ɗora falle, gefensa da aka lanƙwasa ya miƙe tsakaninsu kamar katanga, ba wanda ke ganin hannun wani. A lokacin Auta ya hango ɗan ɓurɓushin ƙarfe a cikin tsagar, irin wanda ke barin tabo a jikin akwati har Maigida ya yi ta faɗa. Ya zura yatsu zai tsame shi. Yayan ya tambaya. Bakin Auta ya amsa, shi kansa bai san ya amsa ba.

Babban yatsa da ɗan ƙarami suka rage masa a hannun dama.

Maigida ya kai shi asibiti a motarsa, ya je gida ya gaida tsohuwa, ya ce ƙaddara ce, ba mai tsallake tasa. Tsohuwa ta amsa cewa haka ne. Babban ɗanta yana zaune a ƙasa kusa da ƙafarta. Daga ranar ta daina tambayarsa yadda aiki yake.

Da ciwon ya warke aka ba Auta gadin ƙofa, da benci da inuwa. Abincinsa ya koma can. Yakan juya baya ga masana'anta ya ci da cokali a hannun hagu. Mai Feda ya ɗauki kwano ya same shi, Auta ya ce ya ƙoshi. Ya ƙara da cewa ai shi ya huta, yankan farce ya ragu masa. Yayan bai yi dariya ba.

"Ka tambaya, Yaya," in ji Auta. "Ni na amsa."

"Na tambaya. Ban duba ba."

"To yanzu in ka duba, me za ka gani?"

Aka haɗa yayan da sabon abokin aiki, wani magidanci da ake kira Direba saboda ya taɓa tuƙin babbar mota. Mai Feda ya shimfiɗa masa ƙa'ida tun ranar farko: ba ya son amsa, tafin hannu yake so ya gani, duka biyu. In falle ya tare, sai ya ɗauke ƙafa daga feda, ya zagaya ya gani da idonsa, ya dawo. In za a canza wuƙa ya kashe inji, ya tokare ta da gungumen katako, a yi ta jiran motar injin ta ga damar tashi. Direba ya ce shi ko a shingen 'yan sanda ba a sa shi ɗaga hannu haka ba. Masu walda suka samu sabuwar waƙa.

Mai Feda ya je ofishin Maigida a kan maganar idon inji. Maigida ya sa aka kawo masa ruwan sanyi, ya ce magana ce mai kyau, bari a gama wannan aikin. Ya koma, aka sake ce masa bayan wannan aikin. A zuwa na gaba Maigida ne ya kira shi. Ya ce ya san abin da ke ransa, kuma wallahi yana tausaya masa, amma akwatunan da ake yi kafin azahar yanzu suna kaiwa la'asar. Ya zaɓa: ko ya yi aiki kamar yadda ya saba yi, ko ya koma baya wurin goge bakin ƙarfe, inda mutum ba ya buƙatar sauri.

Mai Feda yana da iyali, kuma rabin tukunyar gidan Auta a wuyansa take. Mai gugar ƙarfe ba ya samun abin da mai inji ke samu. Washegari ya zo da niyyar yi kamar da. Suka ɗora falle, gefensa ya miƙe tsakaninsu. Ya ce, "Hannu?" Direba ya ce, "A waje," da sauri, da muryar wanda hankalinsa ke wani wuri. Ƙafar Mai Feda tana kan feda, ta ƙi takawa. Injin yana gurnani. Direba ya leƙo ta gefen fallen ya tambaya ko wuta ce ta ɗauke.

Mai Feda ya janye ƙafarsa, ya cire safar hannunsa ya ajiye a kan injin, ya bi ta tsakanin masu walda ya nufi baya. Ba wanda ya yi waƙa.

Can yake har yanzu, kusa da tulin yankakkun ƙarafa, fuskarsa duk ƙurar gugar. Sunan bai bar shi ba, sababbin ma'aikata suna kiransa Mai Feda ba su san dalili ba. Direba ne a kan injin, da wani sabon mutum a ɗaya gefen. Aikinsu yana sauri, Maigida yana yabawa. Ba sa tambayar juna komai.

Matar Mai Feda ta gaji da ce masa abincin da take zuba masa ya fi cikin mutum ɗaya, shi kuma ya hana a rage. Da rana yakan zauna a kan durom ɗin nan, daga inda ake hango bencin ƙofa, ya ci rabinsa ya rufe sauran. Masu shiga da fita sun ce mai gadin nan yana magana shi kaɗai. In inji ya ja numfashin da yake ja kafin wuƙa ta sauko, sai a ga leɓensa ya motsa.