Kafso Biyu Bayan Kowane Tseren Keke

Wata takwas ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Wasu sun yi ta tambayar lafiyata, wasu kuma tuni aka ba su amsa a bakin kasuwa. Yau ku ji daga bakina. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun.

Mu tara ne a ƙauyenmu, nan kusa da Bagwai, muke shirin tseren keke na bayan Sallah. Oganmu Ɗanlami mai gyaran keke, shi ke riƙe agogo. Da an idar da Asuba mu ɗau hanya har Rijiyar Zaki cikin birnin Kano mu juyo, sannan in saɓi fartanya in bi Baba gona.

Oga Ɗanlami yana da doka biyu. Ba fura ba nono, wai suna sa nauyin ƙafa. Kuma duk wanda ya sauka daga keke sai ya haɗiyi kafso ja-da-yalo guda biyu, irin na kashe ƙwayoyin cuta, wai yana wanke gajiya. A gwangwanin ƙusoshi yake ajiye su.

Wata huɗu na yi a haka.

Mura ce ta fara, ta tafi ta dawo. Sai ƙuraje a baki. Sai gudawa, wadda ba ta san gona ba, ba ta san sahun sallah ba. Na gaya wa Oga, ya ce dattin ciki ne ke fita, in ƙara kafso ya zama uku. Na ƙara.

Wandona ya daina zama sai na ɗaure da igiya.

Ranar da na faɗi a kan hanya, da na farfaɗo na tarar an jingine keken a inuwa, ni ina rana.

Bayan kwana biyu magana ta zagaye gari, wai kanjamau na kwaso a birni. Daga rumfar Oga ta fito. Wai dama ya lura ina daɗewa a Rijiyar Zaki. Ina daɗewa mana, bayan gida nake nema.

A ƙofar gidanmu muke ciyayya da maƙwabta tun ina yaro. Ranar nan na miƙa hannu cikin akushi, kowa ya ce ya ƙoshi. Washegari aka kawo min nawa a murfin kwano. Mai aski ya ce rezarsa ta ƙare, alhali ga kwalin ina gani. A masallaci, butar da na taɓa sai a bar ta nan ita kaɗai.

Baba bai kore ni ba, bai kuma tsaya min ba. Wannan ya fi min gudawar ciwo.

Inna ce ta sayar da tunkiyarta ta sa ni a mota zuwa asibiti a Kano. Aka ɗebi jini, aka karɓi majina da bayan gida, aka ɗaura min ruwa. Kwana shida na yi a gado ina kallon fanka. Ba mutuwa na fi tsoro ba. Tsorona a ce Oga ya yi gaskiya.

Gwajin ya fito, babu kanjamau, babu tarin fuka.

Likitan ya tambayi abin da nake sha. Da na faɗa masa sai ya ajiye biro ya ce:

"Malam Habu, cikin mutum kamar gona ne, akwai ƙananan halittu masu yi masa aiki. Kai wata huɗu kana yi wa gonarka feshi kullum. Me zai rage?"

Ya ce wahala mai tsanani tana raunana garkuwar jiki na ɗan lokaci, a nan ne jiki ke son abinci da ruwa da hutu, ni kuma a nan nake zuba masa kafso. Ya rubuta magani, har da wani gari mai ɗauke da irin waɗannan halittu masu amfani, wai shi furobayotik. Ya ce in riƙa shan kindirmo, amma na madarar da aka dafa.

Inna ta ce, "Wato abin da aka hana shi, shi ne abin."

Wata uku na yi kafin ƙafata ta iya zagaya gida da keke. Na ɗauki takardar asibiti na bi mutane ɗaya-ɗaya. Mai aski ya ce takarda ai sayenta ake yi. Da kumatuna suka dawo, aka ce dama maganin kanjamau yana sa ƙiba. Oga Ɗanlami ya ce shi bai taɓa ɗura wa kowa magani ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da likitan nan, da nas ɗin da take taɓa ni ba tare da ta goge hannu a riga ba.

Masu keke, kafso ba maganin gajiya ba ne, kar ku sha sai likita ya rubuta. Kun sauka, ku ci, ku sha ruwa mai tsabta, ku huta. Gudawa ta ƙi tsayawa, ku je asibiti. Ko mutum yana da kanjamau ɗin ma, ba a ɗaukar cutar a akushi.

Yanzu Isuhu, ɗaya daga cikin mu taran, shi ma ya fara ramewa. An fara matsawa in ya zauna. Jiya na je na zauna kusa da shi, na ce ya shirya in raka shi asibiti. Kafin in iso gida labari ya riga ni.

Wai dama tare muka kwaso.