Yadda Na Kai wa Inna Ƙanƙara Goronyo

Rabah

Ƙwal! Ƙarar da ta tashe ni ke nan kafin asuba. Maigidana, malamin gona, ya jefa curin ƙanƙara cikin tasa, wadda ya roƙo wurin kukun Bature a bariki. Mahaifiyata na kwance a Goronyo, maƙogwaronta na ƙuna, ko ruwan randa ta ce zafi gare shi. Na tusa curin cikin ɓuntun shinkafa, na naɗe da bargo, na sa cikin kwando. A makaranta an koya mana cewa bargo ba ya kawo zafi, hanya kawai yake tare masa.

Da munka yi salla, ni da ɗiyata Hadiza munka hau lorin albasa. Direba, don girmamawa, ya ajiye kwandona gaba, kusa da inji.

Na ce, "Malam, a maido shi baya."

"Kayan matar malam cikin albasa? Ba a motata ba."

Sai da na yi kamar zan sauka ya miƙo shi.

Wurno

Da hantsi munka iso. Ɗan doka ya tare mu a ƙofar gari, ya ce, "Mi ac cikin bargo?" Ya buɗe, ya taɓa, ya kira abokinsa shi ma ya taɓa. Ina tsaye ina salati a zuci.

Kafin motar Goronyo ta cika, na shiga gaida Gwaggon maigidana. Na zaga alwala, na dawo na iske ta kware bargon, ta aza ƙanƙarar bisa faifai, tana yi mata fifita.

"Gwaggo, iska ka kashe ta."

"Ke ɗiyar boko. Abu na zufa haka, ki lulluɓe shi da bargo? Ba ki da tausai?"

Har ta fasa ta gida uku, wai ta fi shan iska. Tsohuwa ce, alheri take nufi. Na durƙusa na gode, na kwashe, idona cike da ƙwalla.

Goronyo

Motar ta kafe cikin rairayi, rana tsaka, maza na turi, ruwa na ɗiga a ƙafata. Bayan la'asar munka shiga gida. Na tona ɓuntu, na sami abin da bai fi dabino ba. Na sa wa Inna a baki. Ta rufe ido, ta daɗe, kana ta ce, "Alhamdulillahi. Akwai saura?"

Na gode wa Allah da ƙanƙarar ta kai. Hadiza ta jawo jiƙaƙƙen bargon, ta ɗora mini a cinya.

Ta ce, "Mu matse mata. Sauran na ciki."