Shekarar da Awakin Gidimuni Suka Sa Wando

Wallahi ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan manta da shekarar da na tarar da awakin garinmu sanye da wando ba.

Shekarar fari ce, ina karatun noma da kiwo a jami'a a Damagaram. Daji ya zama fili, babu ko tsinke. Sai malaminmu, wanda muke kira mushe, ya samu kuɗin bincike daga gwamnati, zai gwada wani abincin dabbobi: karan hatsi a niƙe, 'ya'yan gawo, dusa da kanwa, a kwaɓa a buga kamar bulo. To don a san abin da ke zama a jikin dabba, dole a auna abin da ta ci, a auna wanda ta kasayar. Shi ya sa aka kai wa tela ya ɗinka wa bunsurayen gwaji wata jaka mai igiya da ake ɗaura musu a baya. Kowa ya gani ya ce wando ne.

Da yake ni ɗan Gidimuni ne, aka kafa garken gwajin a bayan gidan gwaggona, aka ba ni sikeli. Ni da na je neman difloma, ga ni ina awon kashin akuya! 'Yan fadarmu ta hira suka samu abin shan shayi. "Injiniya, yau kilo nawa?" Tsofaffi kuma suna cewa mutane ba su da hatsi, gwamnati tana yi wa bunsuru ɗinki. A lokacin ni ma, gaskiya, kunya nake ji.

Gwaggo kuwa awakinta kaɗan suka rage, kuma su ne duk dukiyarta. Haƙarƙarinsu a waje, dillali yana ta zarya yana taya su farashin kaza. Na kai mata bulon, ta ture da ƙafa. "Kai ɗan lakwal, ɗan boko, akuyata ba magini ba ce. Kwashe."

Da aka kwana biyu sai bunsurayenmu suka murje, gashi na sheƙi, har suna neman faɗa. Mata suka fara leƙowa ta saman darni suna ƙus-ƙus. Ban kawo komai a raina ba, na tafi birni jarrabawa.

Ranar da muka dawo ni da mushe, tun daga bakin tabki na fara murza ido. Akuya ta gifta da wandon atamfa. Wata na biye da na shadda. Akwai wata, na rantse, har da aljihu! Ƙofar tela cike da mata, kowace riƙe da akuya, shi kuma yana durƙushe yana gwada ƙugu. Mushe ya tsayar da mota ya kifa kai a sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na zaro waya ina ta ƙyasta hoto.

Dariyata ta tsaya da muka shiga gida. Gwaggo ta kai wa tela zanenta na zuwa biki ya ɗinka wa awakinta, amma babbar akuyar tana kwance, ko kai ba ta ɗagawa.

"Ka gani ko?" in ji Gwaggo. "Telan nan ne bai iya yanka ba. Ka ara mini na bunsurunku, na gwamnati."

Na ce, "Gwaggo, ba wandon ba ne, abincin ne!"

"Rufe mini baki. Kara da dusa yau muka fara ganinsu? Wandon ne baƙo."

Na yi bayani har da zane a ƙasa, ko gezau. Sai mushe ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Inna, zan ba ki wandon gwamnati. Amma doka ce, duk akuyar da ta sa shi sai ta ci bulon gwamnati." Gwaggo ta dube ni. "Ka ji mai ilimi."

Muka jiƙa bulo, na riƙa ba akuyar da hannu. Ta lasa, ta ƙara lasa. Kafin mako ya zagayo ta miƙe, ta fara da cinye igiyar wandon. Awakin Gwaggo duk sun ga damina, babu wadda dillali ya ja. Matan gari suka koyi kwaɓin, suka riƙa buga bulo suna kaiwa kasuwa, masu injin niƙa da masu amalanke duk suka samu abin yi.

Abin da na koya shi ne, kuɗin da gwamnati ke sa wa bincike a jami'a, da farko kamar hauka yake, amma idan an yi haƙuri yana dawowa har cikin garken talaka. Gwaggo dai har yau, in rani ya yi tsanani, bulo take bugawa. Wandon kuma yana nan a ƙasan akwatinta, wai ko da za a buƙata.