Koren Ruwan Yaya Zalihatu

Yayata Zalihatu kiwon ƙumar ruwa take yi a Kore Mairuwa. Ku yi dariyarku, mun riga ku! Wasu mitsi-mitsin ƙwari ne masu tsalle cikin ruwa, sai ka ƙura ido kake ganin su. Su take bai wa ɗiyan tarwaɗar da take ƙyanƙyasa wa masu kiwon kifi. Shekara tara ke nan da rasuwar mijinta, da wannan sana'a take riƙe gida.

Randa huɗu gare ta ƙarƙashin itacen bedi, ruwansu kore shar. In bazara ta kama sai ta naɗe su da jiƙaƙƙen buhu, kamar mai jinyar zazzaɓi.

Ɗiyarta Firdausi, mai karatun halittu a jami'ar Yamai, ta taɓa yi mana bayani. Ta ce cikin ƙwayoyin jikin ƙwaron akwai umarnin da ya gada, yana kwance. Wani zafi ke tada shi, wani yunwa. In abin ya tsananta, uwar takan zuba ƙarfin da ya rage mata cikin ƙwai, ta rufe shi da baƙin ɓawo, ya jira sauƙi.

Bara Yaya ta yi kwana goma a asibitin Dogon Dutsi, ta bar mini gidan. Ni kuwa, wallahi ba ni iya kallon randa da gansakuka. Na tace ƙwarin da ƙyalle, na dirje randunan tas, na cika su da ruwan famfo, na mayar da ƙwarin ciki ina jin kaina. Ashe koren nan shi ne abincinsu! Ga yunwa, ga zafin Afrilu. Kafin ta dawo ko ɗaya ba ya motsi, ga ƙyanƙyasar tarwaɗa saura mako uku.

Na tare ta a ƙofa ina kuka, na faɗa mata abin da na yi wa randunan.

«Maimunatu, kin sake wanke su?» Abin da ta tambaya ke nan.

«A'a Yaya, tsoro ya hana ni.»

Ta tura hannu gindin randa, ta fito da baƙaƙen ɗigo-ɗigo a yatsa. Ta shanya su, sannan ta zuba musu ruwan tabki. Kwana shida ina zaune bakin randa, kunya kamar ta kashe ni. A kwana na bakwai, sai ga tsalle.

«Dubi,» in ji ta. «Da yunwa uwarsu ta mutu, amma ba ta bar su haka nan ba.»

Sai na tuna shekarar fari, da Yaya ta riƙa cewa ta ƙoshi don Firdausi ta ci ta tafi lakwal karatu. Mu duka mun yarda da ita, har da ni.