Agogon Baba da Turmin Inna

A gidanmu na Zuru har son agogo ana gado. Baba tsohon soja ne, kamar yawancin dattawan unguwarmu, kuma abin da ya dawo da shi daga aikin soja bai wuce ciwon gwiwa da wani gwangwanin biskit cike da agogunan hannu ba. Duk inda aka tura su aiki, wasu su sayo rediyo, wasu bargo, shi kuwa agogo. Cikin 'ya'yansa ni kaɗai na kamu da ciwon, ga ni kuma mace, shi ya sa yake cewa Allah ya ba shi magaji amma ya ɗaura masa kallabi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun da na fara koyarwa a firamare nake tara nawa a cikin wani kwanon sha mai murfi da Inna ta daina amfani da shi.

Sai dai mun raba hanya tun da wuri. Na Baba duk masu wani ne, irin waɗanda kowace safiya sai ka murɗa musu kai kafin su yi maka aiki. Nawa kuwa masu batir ne, ka ɗaura ka manta da su har shekara ta zagayo. Ni mutum ce mai tsoron latti, kuma ba ni da haƙurin lallashin ƙarfe. Agogon da zai sa na iske yara sun riga sun yi layi a filin makaranta, ko da zinariya aka yi shi ba na so.

Baba ba ya ganin nawa da gashi ko kaɗan. In na kawo sabo ina rawar jiki, sai ya kanga shi a kunne, ya yamutsa fuska.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "wanga ba agogo ba ne, tocila ce. Duba tsinken, tsalle shika yi awa kwaɗo. Nawa tafiya shika yi."

"Tafiyar hawainiya ba, Baba. Jiya da naka muka bi, da mun iske an sallame Juma'a."

Haka muke har Inna ta gaji ta kore mu daga inuwarta. Ita agogonta inuwar katanga ce da kiran salla, kuma ba ta taɓa makara a komai ba. In musu ya yi tsawo sai ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, a bar ta ta ji da tukunyarta.

A cikin gwangwanin akwai wanda ba ya zama ciki, kullum yana hannun Baba na hagu. Wani ƙato ne mai madaurin ƙarfe, fuskarsa ta yi ruwan ƙasa don tsufa. Shi ba a yi masa wani da yatsa, ko ka murɗa kan ba abin da zai ji. Akwai wani ɗan ƙarfe a cikinsa da yake lilo duk lokacin da hannu ya motsa, da wannan lilon yake samun ƙarfin tafiya. In mai shi na kai da kawo, yana raye. In aka ajiye shi kwana ɗaya ko biyu, sai ya yi shiru. Baba yana alfahari da cewa tun ranar da ya saye shi bai taɓa tsayawa ba, kuma yakan ce da mu cikin raha: "Ranar da kunka ga wanga ya tsaya, ku nemo likkafani." Mu yi dariya, Inna ta ce ya daina mugun baki.

Da damina ta kama, shekarar da nake ba da labarinta, Baba ya faɗi a bakin rijiya yana alwala. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya taƙaita, bakinsa ya dawo daidai, ƙafar ma ta fara ɗauka, amma hannun ya zama kamar ba nasa ba. Da aka sallamo mu daga asibiti likita ya ja mana kunne cewa magani kaɗai ba zai yi ba, sai ya riƙa motsa hannun kullum ko yana so ko ba ya so, in ba haka ba zai sandare ke nan.

Agogon yana nan ɗaure a hannun, ya tsaya tun muna asibiti. Na ga lokacin da Baba ya lura. Ya daɗe yana kallonsa, ya juya fuska bango. Daga ranar ya ƙi motsa hannun, ya ƙi fita ko ƙofar gida, abinci ma sai an yi da gaske. Maganar da yake yi da wasa ta dawo ta zaune masa a zuciya. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in Baba ya yanke wa kansa hukunci ba mai ɗaga shi.

Na ce a mayar da agogon hannun dama, tunda shi yana motsi. Ya ce soja ba ya barin wurin gadinsa. Na je kasuwa na zaɓo masa mai batir, mai manyan lambobi, na ce ko don lokacin shan magani. Ya karɓa ya yi godiya kamar baƙo, ya ce a rataye a ƙusa. Wannan godiyar ta fi mini zagi ciwo. Da ya ce tocila ce, da na ji daɗi.

Kullum da hantsi abokinsa yana zuwa, wani dattijo da suka yi soja tare, muna ce masa Baba Kofur. Shi ya ɗaura igiya a reshen mangwaron tsakar gida, ya yi mata maɗauki, yadda Baba zai sa hannun hagu a ciki ya riƙa jan ɗaya bakin da dama, hannun yana hawa yana sauka. Dabara ce mai kyau, amma sai an sami mai ja. Baba yakan ja sau biyu don kunyar abokinsa, ya saki.

"Saje, ja mana. Ko sabon kurtu ya fi ka."

"Bar ni, Kofur. An busa mini tashi."

A cikin wannan hali ne Inna ta tsiri daka. Mu da muka yi shekaru muna kai niƙa inji, sai ga shi an jawo turmi daga bayan rumbu an wanke. Yau surfen dawa, gobe kuka, jibi yaji. Yaji kam har ya rasa mazubi, aka fara aika wa maƙwabta, har wata gwaggonmu da ke Kanya sai da aka ba direba ya kai mata ƙulli guda. Na ɗauka damuwa ce take saukewa a kan turmi, don haka na ƙyale ta.

Wata rana aka tashe mu da wuri, na hau mashin na dawo gida bayan azahar. Baba yana ɗaki yana barcin rana. Inna tana bayan madafa tana luguden barkono, ta rufe hanci da gefen mayafi. A damtsenta na hango wani abu yana walƙiya. Agogon Baba ne, ya yi mata yawa, ta tura shi sama ta ɗaure da tsumma. Duk saukar taɓarya sai ya girgiza.

"Inna, me nake gani haka?"

"Rufe mini baki, kar ki tashe shi." Ta ajiye taɓarya tana haki. "Ba motsi kunka ce shina so ba? To ga motsi."

"Wa ya gaya miki?"

"Ke da ubanki kun ɗauka kurma kuka aje a gidan nan? Shekara nawa kuna cika mini kunne?"

Ashe in ta cire masa agogon za ta taimaka masa da alwalar azahar, sai ta yi kamar ta manta, ta fito da shi. Ta daka abin da za ta daka, sai ta ga tsinken yana tafiya, amma ta kasa mayar masa, domin lokacin da yake nunawa ba shi da alaƙa da na duniya, ita kuma ba ta san yadda ake gyarawa ba. Sai ta ɓoye shi har ya sake mutuwa, ta ɗaura masa. Kwanaki tana wannan wahala ita kaɗai, ta rasa yadda za ta tambaye ni. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga baya kuma na ji hawaye.

Na karɓa, na goge shi da gefen zanena, na zaro kan, na daidaita shi da nawa mai batir, wanda Baba yake kira kwaɗo. Da la'asar Inna ta ɗaura masa tana ta surutun tsadar manja don kar ya kalli fuskarta.

Washegari Asabar, ba makaranta, Baba Kofur ne ya fara gani, suna ƙarƙashin mangwaro. Ya kamo hannun ya kai kunnensa.

"Saje, abinka na tafiya. Ɗan jan da kaka yi ne, ka gani? Ina ga in ka ja da gaske?"

Baba ya dubi agogon, ya dubi wajen madafa. Ina daga ɗaki ina leƙe. Can sai ya sa hannu a igiya. Ranar ya ja har gumi ya jiƙa masa riga.

Daga nan gidan ya sami tsari. Da hantsi Baba da igiya, bayan azahar Inna da turmi, ni kuma in na dawo na duba ko ya yi gaba ko ya yi baya na gyara. Baba ya fara cin tuwo yana neman ƙari. Ya fara takawa zuwa zaure da sanda, daga baya har gindin dogon yaro inda tsofaffin sojoji suke zama suna gyara duniya. Yatsunsa suka fara lanƙwasa. Ranar da ya riƙe ɗaya daga cikin na gwangwani da hagu ya yi masa wani da dama, sai da ya sa aka kira ni na tsaya na gani. Ranar kuma ya tambaye ni ina tocilata, na san Babana ya dawo.

Har kaka ta yi muna haka, an fara yankan dawa. Wata la'asar muna zaune mu uku, Inna ta gama ɗaura masa agogon ke nan, ya ɗaga shi kusa da fuska zai duba. Sai atishawa, ya yi ta jerawa har idonsa ya yi ja. Da ta lafa ya share hawaye, ya ce:

"Wanga agogo, na shiga daji da shi, na shiga ruwa da shi. Bai taɓa sa ni atishawa ba sai bana."

Inna ta duƙar da kai tana gyara bakin tabarmar da ba abin da ya same ta.

"Malam, mura ce. Sanyin kaka ya shigo."

"Mura mai ƙamshin barkono da citta? Tun ranar farko na ji shi. Garin yaji na maƙale cikin madaurin." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, uwata, agogona bai taɓa cika daidai haka ba tun da nike da shi. Na san aikin kwaɗo in na gan shi."

Na rasa inda zan sa fuskata. Inna ta ce to tunda ya sani, me ya hana shi magana ya bar ta tana ta karya kafaɗa?

"Na ga tsohuwa na daka saboda ni, ni kuwa ina kwance. Kunya ta kama ni, shi ya sa na ja igiya." Ya dubi Inna. "Daga yau ki huta. Kar wanda ya sake taɓa shi. In ya tafi, ni na tafiyar da shi. In ya tsaya, mu gani."

A nan tsorona ya dawo sabo. Na san ƙarfin dakan ranar zai riƙe agogon zuwa gobe, daga nan sai abin da hannun Baba ya saka. In ya tsaya fa? Na so na lallaɓa na girgiza shi lokacin alwala, amma Baba ya daina bari a cire masa, da kansa yake turawa sama ya wanke hannu. Inna kuwa ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Shi ko a jikinsa. Ya ja igiyarsa, ya tafi majalisa yana kaɗa hannun da gangan kamar mai fareti, har yara suna leƙowa.

Sai da muka bari ƙarfin turmi ya ƙare sarai. Da safen da za a san gaskiya na shirya zan tafi makaranta, na shiga gaishe shi. Yana zaune a bakin gado da kofin kunu. Inna ta biyo ni ta tsaya a bakin ƙofa, wai ta zo ɗaukar kwano.

"Baba, an tashi lafiya?"

"Lahiya lau. Ƙarfe nawa gare ki?"

Na duba nawa na faɗa masa. Ya ajiye kofin. Bai tallafa da dama ba, hannun hagun ya ɗago da kansa, a hankali, yana ɗan rawa, har ya kawo shi gaban idona. Tsinken yana tafiya sumul. Na kalli nasa, na kalli nawa.

"Baba, naka ya yi latti da kusan minti biyar."

"Ya yi latti," ya ce, "amma da ƙafarshi ya zo."

Inna ba ta ɗauki kwanon ba. Ta fita tsakar gida, ta kife turmin, ta zauna a kai tana murza kafaɗarta.