Takarkarin Fadilu a Kasuwar Gure

Mamadu dillali ba mai yawan magana ba ne, abin da ba a saba gani ba a sana'arsu. Ya haura shekara talatin yana tsayawa a kasuwar bisashe ta Gure, ta Gidigir ma ba ta wuce shi. Ido ne ya yi masa suna. In aka kawo saniya ya zagaya ta sau ɗaya, ya dubi tsagar kunne da lalas ɗin wuta a cinya, sai ya gaya maka garken da ta fito da rijiyar da take sha. A kasuwar nan ba a sayar da dabba sai da dillalin da zai tsaya mata, ya faɗa da bakinsa cewa ba ta sata ba ce. In daga baya mai ita ya bayyana, dillalin ake kamawa. Ba a taɓa kama Mamadu ba.

Fataken da yake wa dillanci a gidansa suke sauka, kamar yadda aka gada. Matarsa Balkisa ce ke dafa musu. Dabbar da ba ta samu mai saye ba kuma a turken bayan gida take kwana, Balkisar ce dai ke kai mata ruwa da harawa.

Ɗa namiji guda Allah ya bar musu, Fadilu. Bai ɗauki dillanci ba, kiwo ya so. Shekarar da damina ta yanke da wuri, ciyawa ta ƙare tun sanyi bai fita ba, sai ya ce zai kora shanun gida da na maƙwabta gabas, can bayan Maine wajen kogin Komadugu, inda ake samun ɗanyar ciyawa. Kowa ya san abin da ke wajen. Masu bindigar nan ne da ke cewa jihadi suke yi, waɗanda ba a kiran sunansu a kasuwa, sai dai a ce mutanen daji. Motocin soji ta Gure suke bi su yi gabas cike da samari. Wasu in za su dawo a rufe suke dawowa, ba sa tsayawa shan shayi a tasha.

Mamadu ya ce masa ya haƙura. Fadilu ya ce, "Baba, in na zauna a gabana za su mutu ɗaya ɗaya." Ya ɗora salka da tabarma a kan takarkarinsa, wani jan sa mai farin goshi da ya rena tun yana maraƙi, ya tafi. Wata biyu yana kira. Daga nan waya ta daina shiga. Balkisa ta ce ai daji ne, babu rezo, wato sabis ɗin waya. Haka take gaya wa duk wadda ta shigo, kuma a kan maganar nan take ci take sha.

Ana cikin wata na biyar da yin shiru, Ma'azu ya iso da shanu ranar kasuwa. Falke ne mutumin Damagaram, ya yi shekara goma yana sauka gidan Mamadu. Da hantsi ya shigo kasuwa kai tsaye daga hanya, bai ko biya ta gida ba.

"Baba Mamadu, sarkin shiru! Yau ma sai an roƙe ka kafin ka yi dariya?"

"Kai kuwa shekara goma kana cin tuwon gidana ba ka yi ƙiba ba. Kana ɓata wa matata suna."

"Laifin hanya ne, Baba, ba na Inna ba. Zo ka ga kaya. Gabas ta yi araha bana."

Mamadu ya shiga cikin shanun yana dafa bayansu. Bakwai ne. Shida bai san su ba. Na bakwai yana can gefe, ƙasusuwa a waje, kai a ƙasa. Bai buƙaci zagaya shi ba. Tsagar kunnen ta gidansu ce, wadda ya gada wurin ubansa. A kafaɗar hagu ga lalas uku a jere, shi da hannunsa ya yi su shekarar da san ya yi ɗingishi, Fadilu na riƙe da ƙaho.

Ya kai hannu hancin san. Igiyar kaba tana nan, tufkar Fadilu ce, amma guntuwa. Ba kwance ta aka yi ba, da wuƙa aka yanke ta, kusa da inda hannun mai ja yake riƙewa. Makiyayi ba ya yanke igiyarsa. Kuma ko yunwa ta sa ya sayar da garke duka, ba ya sayar da abin da ke ɗauke masa ruwa, sai in ba zai ƙara shan ruwan ba.

San ya ɗaga kai ya shinshini rigarsa.

"Wannan daga ina?"

"Maine. Hannun wani na saya, shi ma ya ce hannun wani ya saya." Ma'azu ya rage murya. "Ka san yadda ake yi yanzu, Baba. Ba a tambaya. An ce a wata rijiya aka tare makiyaya, aka ce su ba da zakka. Zakkar kuwa garke duka. Kashegari soji suka bi sawu, motarsu ta gaba ta taka abin da aka binne. Ban ga kowa ba, ji na yi."

"Makiyayan fa?"

"Ba wanda ya ce mini an ga makiyayi." Ya dubi fuskar tsohon, dariyar ta bar bakinsa. "Baba, ko ka san shi ne?"

"Na san irinsa."

Mamadu ya koma inuwar rumfa ya zauna. Ofishin jandarma ba shi da nisa. In ya je, za a riƙe san, a riƙe Ma'azu, wanda laifinsa araha ce kawai, kuma kafin la'asar labari ya shiga kowane gida a unguwa. In kuma ya yi shiru kasuwa ta tashi ba a saye shi ba, da yamma za a kora shi turken bayan gida, Balkisa ta fito da bokitin ruwa. Ita ce ta riƙa ba shi dusa da hannu yana maraƙi. Ba sai ta dubi kunne ba.

Shida suka tafi kafin azahar. Masu manyan motocin kamiyon da ke lodi zuwa Najeriya suka kwashe su. Takarkarin kuwa duk wanda ya zo sai ya matsa haƙarƙarinsa ya wuce. Tsoho ne, ga rama, ba zai kai kudu da rai a cikin mota ba. Ranar nan aka ji muryar Mamadu a kasuwa yadda ba a taɓa ji ba. Yana tare mutane, yana jan hannun riga, yana yabon sa kamar sabon dillali. 'Yan'uwansa dillalai suka riƙa yi masa tsiya, wai tsufa ya kwance masa harshe.

Rana ta karkata, aka fara kwance turaku. Ma'azu ya ce, "A bar shi, Baba. Mu kai shi gida Inna ta yi masa kiwon sati, ya murmure."

"Ba zai kwana gidana ba."

Ya aika aka kira Zulkiflu mahauci, wanda ke da rumfa a bakin tasha. Zulkiflu ya duba haƙora, ya duba kunne, ya yi tayi na wulaƙanci. Mamadu ya dubi Ma'azu, Ma'azu ya sallama ba gardama. Ya gane, ko da yake ba a gaya masa ba.

Zulkiflu ya kama guntuwar igiyar, sannan ya yi tambayar da ake yi kullum. "Ka tsaya masa, Baba Mamadu? Kwanakin nan kayan gabas sai da hattara."

Mutane uku ne a wurin suna ji.

"Na tsaya masa. Ba na sata ba ne."

San ya ƙi tafiya da fari. Sai da Mamadu ya dafa ƙeyarsa ya yi masa 'yar ƙarar harshen da ake yi masa a gida, sannan ya bi mahauci.

Ma'azu bai sauka gidan ba ranar nan. Ya ce yana sauri, ya hau motar Damagaram, kuma tun daga lokacin a wani gida yake sauka.

Da Mamadu ya shiga gida bayan la'asar, Balkisa na tankaɗe a tsakar gida. Ta ce ta ji baƙonsu ya zo daga wajen Maine, me ya hana shi shigowa, ko ya ji wani abu game da masu kiwo? Mamadu ya ce ya ji ciyawa ta yi kyau can. Ta ce ai ta faɗa, abin da ya riƙe yaron ke nan. Sannan ta nuna ɗakin Fadilu da mariƙin rariya.

"Malam, jinkar nan ta zube. Da ruwan fari masu gabas suke dawowa, kada ya zo ya tarar ɗaki na yoyo."

Ya ce to.

Bai sake komawa kasuwa ba. Wanda ya tambaya sai ya ce idonsa ne ya yi rauni. Kwana huɗu ya yi yana neman shuci a ƙauyukan hanyar Gamu, don shekarar ciyawar jinka ma ta yi wuya. Ya sauke tsohuwar jinkar shi kaɗai, ya sake tanka, ya baibaye sabuwa layi layi. Balkisa na ƙasa tana miƙa masa igiya, tana cewa ya ƙara kauri ta wajen gado, Fadilu ba ya son sanyi.