Ranar da Na Kira Sunan Hajiya a Bakin Teku

'Yata ta fari sunan surukata aka sa mata. A gida irin wannan ba ya zama damuwa, laƙabi ake nema wa yaro, shi ke nan, sunan yanka ya kwanta a takarda. Mu ma mun sa mata laƙabi. To amma tana da wata takwas muka biyo mahaifinta Kuala Lumpur, inda yake karatu, muka kama ɗaki a wani dogon bene a unguwar Taman Melati. Da ta isa shiga makarantar yara, malamanta suka duba fasfo suka riƙa kiranta da abin da suka gani. Kafin mu farga laƙabin ya bi ruwa. Ka kira ta da shi sau goma ba za ta waiwayo ba. Ni ma in na rufe ƙofa, daga ni sai ita, sunan nake kira, in ɗora ta a cinya in yi mata kitso, jirgin ƙasa na wucewa ta ƙarƙashin tagarmu. Wa zai gan ni? Ba uwa, ba suruka, ba maƙwabciyar da za ta kai labari.

Shekarar da ta cika huɗu na haifi ƙanenta, sai surukar tawa, Hajiya, ta zo ganin jariri, tare da autarta, ƙanwar maigidana. Tun ana saura mako su sauka na daina barcin kirki. Na wanke labule, na goge bayan firji, na yi ta koya wa yarinyar ta durƙusa ta ce ina wuni. Ranar da suka iso ta tsaya ƙiƙam a bakin ƙofa, ta ɗaga wa Hajiya hannu ta ce, "Hi."

"Hayin wa?" in ji Hajiya. "Zo nan, takwara. Ashe baturiya aka haifa mini, baƙa wuluk da ita."

Daga ranar na koma yadda aka rene ni. 'Yar fari ce, kuma a gaban uwar miji. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta, in ta zo ta jingina da ni sai in ture ta a hankali in ce, je ki wajen Hajiya. In ina son ta miƙo mini abu sai in ce "ke". Takan tsaya ta dube ni da mamaki, ni kuwa in kawar da kai in ci gaba da yankan albasa.

A cikin akwatin Hajiya, ƙarƙashin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, akwai 'yan riguna na atamfa daidai jikin yarinyar, da ƙaramin hijabi mai ruwan toka, irin na 'yan Islamiyya. Ina ganin hijabin na gane da abin da aka zo. Ba a yi kwana uku ba kuwa maganar ta fito, muna cin tuwon shinkafa.

"Yarinyar nan da ita zan koma," Hajiya ta ce. "Ba Hausa, ba gaisuwa, kullum a kulle a sama kamar tantabara. Ke kuma ga goyo. Ta je ta ga dangi, ta shiga Islamiyya."

Maigidana ya sunkuyar da kai yana juya miya da cokali. Ni aka zuba wa ido. Abin da aka koya mini in faɗa shi na faɗa.

"Ai taku ce, Hajiya."

Na tashi na shiga kicin na buɗe famfo, don kada a ji ni.

Da na same shi shi kaɗai na roƙe shi ya yi magana, ya ce, "Ke da bakinki kika ce tasu ce. Ni in ce me?" Sai ya kawo shawarar a kai baƙi tsibirin Pangkor su ga teku kafin su koma. Na san shi, in abu ya fi ƙarfinsa sai ya nemo tafiya.

Mun hau bas da sassafe zuwa Lumut, inda ake hawa jirgin ruwa, hanya duk gonakin kwakwar manja, har ido ya gaji. Jakata cike da abin da ba wanda ya ce in ɗauko: maganin zazzaɓi, man zafi, lemon tsami saboda amai, tawul ɗin kowa. A jirgin ruwa na ƙirga rigunan ceto da ke rataye, na ga ba ƙanana, hankalina ya tashi. Hajiya kuwa ta riƙe carbi da hannu ɗaya, ɗayan ta damƙe wuyan rigar jikarta.

"Wannan ba ya da ƙarshe ne?" ta tambayi ɗanta, tana leƙen ruwan. "Na ɗauka dam ɗin Tiga ne iyaka."

Autar tana ta ɗaukar kanta hoto, iska na fizgar mayafinta. "Hajiya, yi murmushi mana, mutanen gida za su gani."

"Ki bari in ga ƙasa tukuna, ja'ira."

Masaukinmu ɗan gidan katako ne, tsallaka titi sai yashi. Na ji sanyi a raina da na ga matan Malay, 'yan ƙasar, suna shiga ruwa da dogayen riguna da ɗankwali, ba abin da zan rufe wa Hajiya ido a kai. Ta tattare zane ta tsoma ƙafa, ta ɗibi ruwan ta ɗanɗana, ta tofar.

"Wace maras hankalin ce ta yi wannan miya?"

Da wani tsuntsu mai ƙaton baki ya sauko ya ɗauke ayaba daga hannun wani ɗan China, ta ce cilakowar garin nan ta ƙoshi. Biri ya sace mana ledar burodi, ta bi shi da zagi har bakin daji. Jikarta ta yi ta ƙyalƙyala dariya, ta kama hannunta. Ina bayansu da goyo ina kallo. Na ce a raina, to ga shi ma sun fara sabawa. Ban san ko murna zan yi ba.

Washegari da hantsi muka fito muka tarar teku ta janye can nesa, ta bar yashi jiƙaƙƙe da 'yan ƙaguwoyi suna ta guje-guje. Ni dai kogin garinmu na sani, in ya janye sai wata damina. Ba wanda ya gaya mini wannan tana tafiya ta dawo a yini guda. Maigidana ya tafi nemo mana ruwan kwakwa. Autar ta hau wani dutse tana neman inda hoto zai yi kyau. Ni da Hajiya muna zaune a tabarma ƙarƙashin bishiya. Yarinyar ta ɗauki ɗan bokitinta ja ta bi wani tudun yashi da ya miƙe cikin teku kamar harshe, tana tsintar katantanwa.

Ina kallonta ta wutsiyar ido, don kada Hajiya ta ga ina kallo. Can sai na lura da wani takalmin roba da wani yaro ya bari a kan yashi, ɗazu a bushe yake, yanzu yana lilo a kan ruwa. Na duba da kyau. Ruwa ya zagayo ta bayanta, ya raba tudun da gaɓa, ita kuma ta ba mu baya, a tsugune.

Na miƙe. "Ke! Ke yarinya!"

Ba ta juyo ba. Na kira laƙabinta. Iska ta kwashe. Sunan yana bakina kamar garwashi, mai shi kuma tana zaune a gefen ƙafata tana gyara ɗaurin kallabi. Tun da aka kai ni gidansu ban taɓa furta shi inda wani zai ji ba. Ko wata mai sunan na haɗu da ita sai in ce mai sunan Hajiya. Igiyar ruwa ta zo ta taɓa gindin bokitin.

Na ƙwala shi. Da iyakar muryata, kuma yadda malamanta suke jan sa, har mutanen da ke cin abinci a rumfa suka waiwayo. Na sake, na kuma sakewa, ina gudu, jariri na jijjiga a bayana, takalmina ɗaya ya tsaya a laka. Ta juyo ta ce, "Mama, look!" tana nuna mini bokiti. Na kutsa cikin ruwan na sure ta, na matse ta a ƙirji, ina sumbatar kanta mai ɗanɗanon gishiri, ina kuka kamar an yi mutuwa.

Sai da na juyo na ga ruwan ko gwiwata bai kai ba. Yaran Malay da ba su fi ta ba suna ta tsalle a ciki. Ga Hajiya a tsaye a bakin gaɓa, zanenta a jiƙe har ƙwauri, ita ma ta biyo ni ashe.

Autar ta sauko daga dutse tana tafa hannu. "Lallai Anti! Yau kin fasa ƙwai. Har sau uku, a gaban mai shi!"

"Rufe mini baki," in ji Hajiya. "Je ki nemo yayanki."

Muka koma tabarma. Na rasa inda zan sa idona. Yarinyar ta ƙi sauka daga cinyata, ni ma ban ture ta ba. Hajiya ta daɗe tana tsince yashi daga tsakanin yatsun ƙafarta.

"Rabon da wani ya ƙwala mini sunan nan haka," ta ce, "tun mahaifina na da rai. Har na kusa amsawa."

"Ki yafe ni, Hajiya."

Ta dubi can inda ɗanta yake tahowa rungume da kwakwa.

"Wancan da kike gani, ranar da aka yaye shi uwar mijina ta aiko aka ɗauke shi. Ina daka aka fita da shi. Na ce ai naku ne, ban ko ɗago kai ba. Geron nan sai da ya koma gari ban sani ba." Ta juyo gare ni. "Tun da na zo nake lura da ke, 'yar nan. Ba kya kiranta, ba kya ɗaukarta. Na ce kara ce, na sani, mu muka koya muku. Amma a gida in uwa ta kau da kai akwai cinya goma da yaro zai hau. A nan fa? Sai na ce gara in tafi da ita."

"Ina ɗaukarta," na ce, murya can ƙasa. "In ba kowa."

"Na gani yau. Har kifaye sun gani."

Ba ta sake tayar da maganar ba, a tsibirin ko a bas. Ni kuma tsoro ya hana ni tambaya. Har ranar tafiyarsu ban san matsayina ba. Ina durƙushe ina taya ta shirya akwati, ina jera mata mayafai da man zafin da ta saya wa ƙawayenta, sai ta zaro 'yan rigunan atamfa ta ɗora a kan gado. Ta ɗauki hijabin ta jujjuya shi, shi ma ta ɗora.

"Ki sa mata kafin su yi mata kaɗan. Amma ki ji ni da kyau: duk Juma'a zan kira, in ta ce mini hayi, da kaina zan dawo in ɗauke ta."

Yanzu duk Juma'a da la'asar ɗinmu, su can hantsi, sai yarinyar ta sa hijabin toka, wanda ya ɗage mata har gwiwar hannu, ta durƙusa a gaban waya ta ce, "Ina kwana, takwara." Hajiya ta ce ba ta iya ba, ta sake. Ni ina gefe da ƙanenta, ba na shiga hoton. In an kashe wayar nakan kira ta da sunanta ta zo ta ci abinci. Amma a nan ba zan rubuta shi ba.